Sallahun Italiya

Taswirar Italiya ta ɓace a ƙarƙashin ƙunshe-ƙunshe. Robar yaji ta zauna a kan Brescia, ledar kuka ta rufe Napoli, wata atamfa da aka naɗe a jarida kuma ta danne teku baki ɗaya.

Laifin Ɗalha ne, shi ma ya sani. Bayan sallar Juma'a a unguwar Plumstead ta London bakinsa ya suɓuce, ya ce zai kai iyali hutu Italiya. Baki shi ke yanka wuya. Kafin Lahadi, duk mai ɗan'uwa a can ya gano hanyar gidansa a Abbey Wood da sallahu a hannu. Ɗalha kuwa bai taɓa koyon cewa a'a ba. A gidan rediyon da yake aiki ma shi ake bar wa aikin ranar Sallah.

"To, an gama mana tsarin tafiya," in ji matarsa Falmata, tana tsaye da ludayi. "Mun zama gidan waya mai ƙafafu."

Shi bai ga aibu ba. A Gumel inda ya tashi, ba a zuwa gari haka kawai. Ka sauka wurin wani, ka miƙa saƙo, a kawo ruwa, a tambayi mutanen gida. Zumunci a ƙafa yake.

Sai dai hutun mako guda ne, sallahu ya cinye shi saura yini ɗaya, kuma yinin nan na Venice ne. Shi kaɗai 'yarsu Jidda ta roƙa, ita da za ta tafi jami'a a Glasgow ƙarshen bazara. Ga shi Alhaji Maharazu, dattijon da ya sauke Ɗalha farkon zuwansa London, ya bugo waya cewa yana hanya da saƙon da za a kai wa ƙanensa a Torino, can ɗaya gefen ƙasar.

Ɗalha ya ture yajin, ya duƙa yana kallon Venice. Garin da aka ce titunansa ruwa ne! Ina suke binne mamatansu? In maigida ya yi fushi zai fice, sai ya tsaya jiran kwalekwale? Abin ya daɗe yana ɗaure masa kai.

"Jidda, zo nan. Wa muke da shi a Venice ɗin nan?"

Ta fito, igiyar waya maƙale a kunne ɗaya. "Nobody, Baba."

"To wa za mu gaisar? Me mutum ke yi a garin da bai san kowa ba?"

Da gaske yake tambaya, ta kuwa gane. Ta cire igiyar. Ba ta cika amsawa da Hausa ba, saboda haka kalmomin suka zo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa.

"Manchester, kana falo da maza, ina ɗaki da yaran da ban sani ba. Kano ma haka. Ina so mu je inda ba ka da kowa sai mu."

Kunya ta kama Ɗalha, wani tsoro-tsoro ya biyo baya. Ya laluba ko akwai yinin da suka taɓa yi shi da 'yar nan ba baƙo, ba mai masauki a tsakani, bai samu ba. Bai ma san hirar me za su yi ba. Ya ji yana so ya sani.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Alhaji Maharazu ne, yana haki saboda matakala, da ƙatuwar leda a hammata. Aka shiga gaisuwa: gajiya, iyali, aiki, sanyi da ya ƙi tafiya. Falmata ta rage wutar girki don ta ji. Jidda ta jingina da bango, ba ta ɗauke ido daga mahaifinta ba.

Gaisuwa ta ƙare. Alhaji ya miƙo ledar yana murmushi.

Ɗalha ya mayar da hannayensa biyu baya, ɗaya ya kama ɗaya ya riƙe gam, sannan ya sake tambayar Alhaji lafiyar iyali.