Sunansa a Bakina

Ina suyar awara a bakin layinmu a unguwar Abakpa ta Enugu ranar da labarin ya zo. Da hantsi ne. Na ɗaga kai sai na hango maigidana, Malam Isah, yana tahowa daga kwata da rigar aiki a jikinsa, ko hannu bai wanke ba, dattawa biyu suna biye da shi. Mahauci ba ya barin teburinsa a wannan lokacin. Na tashi na bi su ciki.

Dattawan suka zauna a tabarma suka fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sana'a. Na amsa duka. Da suka ƙare sai suka sake ɗaukowa daga farko. Sannan babban cikinsu ya ce motar da yaron namu yake bi ta faɗi jiya da yamma tsakanin Otukpo da Makurdi, Hausawan wurin sun yi masa sutura, an riga an binne shi.

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai na tuna na bar awara a cikin mai. Na fita na kwashe, ta ƙone.

Ɗana ne na fari. Yaron mota ne, daga Upper Iweka a Anaca suke lodi zuwa arewa. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. In yana gabana in ce masa “kai”, in ba ya nan in ce “yaron nan”. Haka na ga uwata ta yi da yayana, ni ma na tashi a haka, ban taɓa tambayar dalili ba.

A zaman makoki ban yi kuka ba. Matan unguwa suna ta yaba mini, wai Kubura akwai haƙuri, akwai kunya. Ni na san ba haƙuri ba ne. Jikina ne ya zama kamar ƙafar da aka daɗe a kanta a zaune. Maƙwabciyata Mama Chinasa ita ce ta yi kukan. Ta faɗi a tsakar gida tana birgima tana kiran sunansa, don a hannunta ya koyi tafiya. Ta kama kafaɗata ta girgiza ni.

“Cry now! No be your pikin?”

Wai in yi kuka mana, ba ɗana ba ne? Na ce mata ta sha ruwa.

Bayan sadakar bakwai aka kawo mini kayansa a leda: hula da waya. Fuskar wayar ta tsage amma tana kamawa. Na sa ta a caji don ban san abin da zan yi da ita ba. Kullum da safe sai ta yi ta ƙara. Wata rana na ɗauka na duba. A aji huɗu na bar makaranta, ina karatu amma a hankali, da yatsa.

Wani zaure ne a WhatsApp, Zauren Marubutan Kurmi. Hausawa ne na Enugu da Anaca da Fatakwal. Gasa suke yi: kowace safiya a ba da kalma guda, kowa ya rubuta wani abu a kanta kafin rana ta faɗi. Suna ta cigiyar wani wai shi Ɗan Iweka. “Ɗan Iweka, ina naka?” “Ko budurwa ta ƙwace wayar?” “Malam, za a cire ka fa.” Sai da na daɗe kafin na gane da mai wayar suke.

Na koma baya na karanta abin da ya rubuta. Labarin taya ne, da direbobi, da wata mai sayar da lemo a Upper Iweka. Babu ni a ciki. Ban ji haushi ba.

Na rubuta musu: mai wayar ya rasu ni uwarsa ce.

Ba a jima ba wayar ta buga. Mace ce, ta ce sunanta Halimatus Sa'adiya, malamar makaranta ce a Uwani, nan cikin Enugu, ita ce shugabar zauren. Ta yi mini gaisuwa tana shessheka, na jira ta gama. Ta ce dokar gasar ita ce duk wanda ya kai ƙarshe za a sa rubutunsa a littafin da za su haɗa, wanda ya yanke a hanya kuwa a cire shi. Ya wuce rabi, in ji ta.

“Amma Mama, shi za mu ɗage masa dokar.”

Na ce a'a. Na ce in mutum ya rasu da ramuwar azumi a kansa, nasa ne suke rama masa, ba cewa ake yi a bar shi ba. Na ce ni zan ƙarasa.

Ta yarda. Ta ce, “Mama, mene ne sunansa na gaskiya? Mu da Ɗan Iweka muka san shi, kuma a littafi sunan gaskiya muke sawa.”

Na ce mata mai yana kan wuta, na kashe wayar.

Kalmar washegari “ruwa” ce. Na zauna a gaban kasko ina kallon wayar har masu sayen safe suka watse, ban rubuta komai ba. Na tura wa Halimatu saƙo na ce, su masu rubutu a ina suke samo abin da suke faɗa? Ta ce, “Ki dubi abin da yake gabanki, Mama. Kada ki nemo daga nesa.”

Abin da yake gabana jarkoki ne a jere ana jiran tankar ruwa. Sai na rubuta yadda wani yaro yake tsallake layi in tanka ta zo, ya yi wa mai tankar yaren Ibo har mutumin ya yi dariya ya fara cika masa, ya dawo da jarka biyu rigarsa sharkaf, uwarsa ba ta ce masa sannu ba sai dai ta nuna masa inda zai ajiye. Na tura.

Kowa ya ce ma sha Allah, Allah ya ji ƙansa, Mama kin iya. Sai wani Hammadu daga Fatakwal ya rubuto: “Ba aya, ba waƙafi, numfashina ya kusa ɗaukewa. Kuma labarin bai ƙare ba, tsayawa kawai ya yi.” Suka yi masa ca. Wata ta ce masa marar imani, wani ya ce dama mai gadin gidan mai me ya sani ban da kirga motoci. Ni kuwa na ji daɗinsa. Tun ranar rasuwar shi ne na farko da ya yi mini magana ba da muryar gaisuwar mutuwa ba. Na ce ya nuna mini inda ake sa ayar, ya nuna mini.

Haka na ci gaba. Aka ba da “ƙofa”, na rubuta yadda wani yaro yake bugun ƙofa da gwiwar hannu don kullum hannunsa da kaya. Aka ba da “gishiri”, aka ba da “inuwa”, aka ba da “tsani”. Duk kalmar da ta zo, in na dubi tsakar gida sai in same shi a tsaye kusa da ita. Ba na jin komai in ina rubutawa. Kamar tsintar wake ne, a ɗauke wannan a ajiye, a ɗauko na gaba. Ranar da aka ba da “teku” na ce ban taɓa gani ba, Hammadu ya ce in rubuta kwatar Abakpa bayan ruwan sama, duk ɗaya ne.

Wata rana ya ce, “Mama, wannan ‘wani yaro’ naki ba shi da suna ne? Ko akuya ana raɗa mata.” Na ajiye wayar na koma kan kasko.

Malam Isah ya tambaye ni sau ɗaya me nake ta latsawa. Na ce aikin yaron nan nake ƙarasawa. Ya ce to, ya ɗauki buta. Ƙanwarsa Ramlatu, da ta zo gaisuwa daga gida ta zauna tare da mu, ita ce mai magana.

“Yaya Kubura, mace mai makoki da waya a hannu kamar 'yar sakandare? Ki riƙe carbi mana.”

Na ce ina riƙewa, da hannun hagu.

Da gasar ta zo ƙarshe Halimatu ta sanar cewa aikin rufewa ba rubutu ba ne. Kowa zai zaɓi guda cikin nasa ya karanta da muryarsa ya turo, kuma ya fara da cikakken sunan mai aikin, don da shi za a buga. Ta biyo ni ta gefe ta ce, “Mama, yau ɗin nan nake miƙa sunaye. In ban samu ba, Ɗan Iweka zan sa, ba yadda zan yi.”

Ɗan Iweka ba sunan da aka yanka masa rago da shi ba ne. Sunan tasha ne.

Na gaya wa Ramlatu. Ta ce, “Wannan ne ya hana ki cin abinci? Kawo nan. Ni gwaggonsa ce, bakina ba kunya.” Ta danna wajen ɗaukar murya, ta faɗi sunan da goro a bakinta, ta miƙo mini na karanta labarin tanka. Da muka gama ta ce shi ke nan, an fita hakkinsa, ta koma tankaɗe.

Na saurara kafin in tura. Muryarta a gaba, tawa a baya, kamar ita ta haife shi ni kuma na yi mata reno. Na sake saurara. Kowa ya kira yaron nan: direbobi, 'yan tasha, Mama Chinasa, limamin da ya raɗa masa. Na goge.

Na zagaya bayan gida wajen igiyar shanya. Masu keke suna ta wucewa a titi, wani yana tallar biredi. Na danna, na buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Na goge na sake. Laɓɓana ba su san hanyar ba, kamar in an ce ka ci tuwo da hannun da ba ka saba ba. A karo na gaba na ce:

“Shafi'u Isah.”

Na jira in ji ko wani abu zai faru a ƙirjina. Ba abin da ya faru. Na karanta labarin har ƙarshe, na tsaya a duk inda Hammadu ya sa mini aya, na tura.

Da na juyo Ramlatu tana tsaye da rariya a hannu.

“A'uzu billahi. Yaya, a bakinki? Ɗan fari?”

Na ce, “Wa zan ji wa kunya, Ramlatu? Ba ya nan.”

Ta dube ni, ta koma ciki. Ba ta gaya wa yayanta ba, ko kuma ta gaya masa bai ce komai ba.

Littafin ya fito bayan sallah. Ƙarami ne, bangonsa kore. Halimatu ta kawo mini da kanta a keke. Sunansa yana ciki, nasa rubutun a gaba, nawa a baya, ba a raba ba. Na sa shi a cikin kwalla tare da zannuwana.

Har yanzu ban yi kukan ba. Matan unguwa sun daina yabona, sun koma cewa Allah ya sa lafiya. 'Yan zauren sun fara wata gasar, wani lokaci in rubuta, wani lokaci in karanta kalmar kawai in ajiye wayar.

Da safe in na fito da kasko, kafin masu saye su zo, nakan durƙusa in hura gawayi. In ya kama sai in ce “Shafi'u”, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Sannan in zuba mai.