Ranar Haihuwar Rufus Ta Uku

Ni ne Badruddeen, mai gyaran waya da na'urorin gem a kasuwar Kafanchan, kuma a shekara goma sha biyar da na yi a rumfar nan ban taɓa ganin mutumin da ya tsani a ce masa Baba kamar Oga Rufus ba. Ka kira shi ɓarawo, dariya zai yi. Ka ce masa Baba, kun ɓata ke nan har a tashi duniya. Gashin kansa baƙi wuluk, in rana ta yi zafi sai ka ga baƙin yana gangarowa ta bayan kunne. Bara ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya yi bikin cika shekara sittin, ya buga kalanda, ya raba bokitan roba masu hotonsa. Kalandar tana nan a rumfata, na toshe wata ɓula da ita a bango.

Ranar Laraba da safe ya shigo da wani abu a nannaɗe cikin hankici, ya ajiye min a kan tebur a hankali.

"Badaru, ka taimake ni. Ya faɗi a ruwa."

Ina buɗewa na gane ta. 'Yar na'urar gem ce ta hannu, irin mai ninkewa kamar littafi. 'Yarsu Clara, wadda ke aikin nas a Ingila, ita ta aiko wa uwarta Madam Dinah lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Na tambaye shi wane ruwa. Ya ce bokiti. Na ce wane bokiti? Ashe cikin bokitin bikinsa ta faɗa, mai hotonsa yana murmushi.

Gem ɗaya tak ke cikin na'urar, na noma. Madam Dinah ta tashi a gonar citta a Fadan Kagoma, don haka da ta ga gonar da ake nomawa da ɗan yatsa, babu ciwon baya babu kunama, sai ta kama abin hannu bibbiyu. Shekara huɗu tana gina gonar nan daga kan gado. Shanunta duk sunayen matan zumuntar cocinsu ta sa musu, mai ƙibar ita ce Emilia. Kazar da ba ta ƙwai sai surutu, Mama Fasto. Akwai alade guda ɗaya mai yawan barci, shi ne Rufus. Madam ta rasu da daminar bara. Abin da ban sani ba sai ranar nan shi ne, tun daga rasuwarta kullum in Oga Rufus ya gama addu'ar safe sai ya buɗe na'urar ya ba tumatirinta ruwa, ya tatsi Emilia, ya ciyar da takwaransa.

Na kwance na'urar, na busa, na gasa, na yi mata duk dabarar da na sani. Ta mutu murus. Amma katin memori lafiyarsa lau, gonar tana ciki, kuma ina da tsohuwar na'ura irinta a ƙasan tebur. Matsalar ita ce kamfanin da ke ƙera su ba ya yarda da kowa. Katin ba zai buɗe a wata na'ura ba sai an shiga kantinsu na intanet da akawun ɗin da aka sayi gem ɗin. Kuma a makon nan ne kamfanin ya ga dama ya sanar cewa zai rufe kantin tsofaffin na'urori gaba ɗaya, ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya na rana agogonmu. Bayan nan, katin ya zama ɗan guntun roba.

Ni na buɗe akawun ɗin da hannuna, a falonsu. Da sunan Oga Rufus aka yi, don shi ke da imel. A jerin ƙasashen kantin babu Najeriya, wai mu ba ma gem, don haka na yi musu abin da nake yi wa kowa: na mai da su 'yan Kanada. Akwai wani shagon sayar da taya da na samo adireshinsa a intanet, duk kwastomomina a can suke zaune. Ranar da hukumar Kanada za ta leƙa shagon nan, za ta tarar da rabin samarin Kafanchan a ciki, har da ladan ɗaya da 'yan kwayar coci biyu. Da muka zo gurbin laƙabi da ranar haihuwa da fasuwod, Madam ta karɓe na'urar daga hannuna, ta kare ta da gefen zane, ta ce wannan ita za ta sa.

Fasuwod dai ya bi ta kabari. Kantin ya ba mu hanya ɗaya: a rubuta ranar haihuwar mai akawun, sai su aiko da sabo ta imel. Sau uku ake gwadawa. In aka kuskure na uku, su kulle akawun mako guda, wato har bayan Juma'a.

"Wannan ai ba komai," in ji Oga Rufus, ya nuna kalandar bango da haɓa. "Ɗaya ga Janairu, sittin da uku."

A kan bencina akwai Zamani, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda kullum yake zuwa cajin waya kyauta yana ba ni shawarar da ban tambaya ba. Abokin Oga Rufus ne tun suna yara, kuma Oga Rufus Yaya yake ce masa. Duk inda aka yanka kaza, Zamani ke cin ƙundu a matsayin babba. Da ya ji sittin da uku sai ya yi wani ɗan tari, ya dubi rufi.

Na rubuta. Allon ya yi ja.

"Netwok ne," in ji Oga Rufus.

"Oga, netwok ba ya ja. Saura biyu."

Ya tafi gida ya dawo da wani tsohon fayil, ya zaro takardar gama firamare. Ɗaya ga Oktoba, sittin cif. Ya ce hedimasta ne ya yi kuskure a lokacin, wataƙila Dinah ta ga wannan ta ɗauka gaskiya ne. Na dube shi, na dubi takardar. Mutum ɗaya, an haife shi ranar sabuwar shekara, an kuma sake haifarsa ranar samun 'yanci. Na rubuta. Ja.

Nan fa ya tashi. Ya zagi kamfanin, ya zagi Kanada, ya ce ni na kai shi ƙasar da bai taɓa zuwa ba ga shi sun ɓatar masa da takardu. Ya ce in ba shi lambar manajansu. Na ce manajansu bai san akwai wani gari wai shi Kafanchan ba, a wurinsa Oga Rufus mai sayar da taya ne. Ya kwashi fayil ɗinsa ya fita ko sallama babu.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar aladu, gari ya cika da manyan motoci da ihun dabbobi, sai ga shi da wata takarda ya jero ranaku. Ranar aurensu. Ranar haihuwar Clara. Ranar da aka yi wa Madam baftisma. Ya ce in zaɓi ɗaya in gwada.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Oga Rufus, ba caca muke yi ba. Guda ɗaya ta rage. Ranar haihuwarka suka tambaya, kuma Madam ba ta taɓa yin ƙarya don ta faranta wa wani ba, kai ka fi ni sani. Matar da ta sa wa kaza Mama Fasto? Ba zan taɓa maɓallin nan ba sai ka kawo ranar da uwarka ta haife ka."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna a benci kusa da Zamani, ya ninke takardar, ya yi ta ninkewa har ta ƙi ninkuwa. Can ya ce, "Kwana biyu ke nan ba a ba tumatir ruwa ba."

Na ce masa lokaci ba ya tafiya a cikin kati, komai yana tsaye yadda ya bar shi.

"Ka tabbata? Shanun ba su jin yunwa?"

"Na tabbata."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar tsawar da na yi masa. Amma ban janye maganata ba.

Juma'a da hantsi rumfata ta cika maƙil. Duk mazauna shagon taya na Kanada sun hallara, kowa da na'urarsa yana rige-rigen sauke gem kafin a rufe kanti. Babu wuta, janareton maƙwabcina mai aski yana ta ruri kamar zai tashi sama. Ni kuma na riga na faɗa wa kowa ƙarfe ɗaya zan rufe in tafi masallaci, ko kamfani ya rufe ko bai rufe ba. Sha biyu da rabi ta wuce Oga Rufus ya shigo, ya sha sabon rini, ya sa kwat.

"Ka kore su," ya ce min a kunne.

"Oga, su ma yau ce ranarsu ta ƙarshe."

"To ba ni, ni zan rubuta da kaina."

Na miƙa masa. Ya kai na'urar kusa da hanci, ya mai da ita nesa iyakar hannu, ya runtse ido ɗaya. Lambobin ƙanana ne, shi kuwa ya ƙi sa tabarau tun da likita ya rubuta masa, wai na tsofaffi ne. Gonar yana iya ba ta ruwa don ya haddace ta, amma wannan allon bai san shi ba. Ɗan yatsansa ya nufi wurin da in ya danna shi ke nan. Na fizge na'urar.

"Faɗa min, in rubuta."

Ya sunkuyo. "Bakwai ga Agusta."

Na rubuta. Ya ce, ba ni yake kallo ba, "Babana mai bishara ne, ya rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki. Dinah ya gani tun kafin mu yi aure. Kowane shekara in ranan ya zo, sai ya dafa gwaten acca, ya yanka kaza, ya sa min ƙundu a kwano na. Ba ya cewa komai. Ni ma ba na cewa komai. Shekara arba'in."

"Wace shekara, Oga?"

Ya motsa baki. Janareto ya cinye maganar.

"Ban ji ba!"

Ya sake. Na ce wallahi ban ji ba, saura minti goma sha biyu. Ya cika ƙirji da iska, kuma daidai lokacin man janareton mai aski ya ƙare.

"HAMSIN DA HUƊU!"

Har mai rake a tsallaken layi sai da ya waiwayo. Duk 'yan rumfa suka juyo. Wani yaro ya ɗaga kai ya dubi kalandar bango, ya fara lissafi da yatsu, na kusa da shi ya make masa hannu. Na rubuta, na yi bisimilla, na danna.

Allon ya yi kore.

Saƙo ya shigo wayarsa, na sa sabon fasuwod, na shiga kantin. A saman allo aka rubuta barka da dawowa da Turanci, sannan laƙabin da Madam ta sa wa mai akawun. Ni ban taɓa ganinsa ba, shi ma haka, don bai taɓa shiga kantin ba. Na juya masa allon.

"Me ya ce?" in ji shi.

Zamani ya cire tabaraunsa ya miƙa masa. Oga Rufus ya dubi tabarau, ya dubi jama'a, ya karɓa ya sa. Ya karanta da kansa: Tsohona.

Ya daɗe yana kallon kalmar. "Haka yake kira na in mun shiga ɗaki," ya ce. "Ina hana shi, ba ya ji." Hawaye suka zubo, suka haɗu da rinin da ke gangarowa, ya goge da hankici, hankicin ya yi baƙi. Babu wanda ya yi dariya, ko ni da bakina ba ya shiru.

Zamani ne ya fara magana. "Sannu, Yaya."

"Ka sani?"

"Haba. Kai ne fa kake goya ni zuwa makarantan Lahadi. Duk coci sun sani. Mun dai karɓi bokiti."

"To me ya sa ka yi ta cin ƙundu na duk shekarun nan?"

"Ana ba ni ne."

Sai a lokacin rumfa ta fashe da dariya, har da shi, yana dariya yana jan hanci. Na sa katin a na'urar, ta ɗan yi tunani, gonar ta buɗe. Ga Emilia a tsaye tana tuƙa, ga Mama Fasto tana zagaye tsakar gida, ga alade yana barci a inda aka bar shi. Ƙarfe ɗaya daidai kantin ya rufe, samari biyu da ba su gama saukewa ba suka yi ta tsine wa Kanada.

Na sallami kowa, na ɗauko ɗan kwaɗon rumfa da darduma. Shi yana benci, tabaraun Zamani a hancinsa, na'ura a cinya. Ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni.

"Baba, zan rufe."

"Na'am," ya ce, bai ɗago ba. "Bari in gama ba tumatir ruwa."