Lofen Baba Dad Karim

"Ba ni lofena, Mahganj."

"Ba zan bayar ba, Abba. Likita ya ce huhun naka ya ƙare."

"To abin da ya ƙare, me kike tattalinsa?"

Ina tsaye a tsakar gidansu da jakar askina, don tun da Baba Dad Karim ya kwanta ciwo, duk Juma'a nake shigowa in gyara masa gemu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Manora, unguwar bakin teku da ke tsallaken ruwa daga Karachi. Baba Dad Karim ya yi shekara ashirin da takwas a sojan ruwa, ya dawo da abu biyu: lofe, da baƙar gahawa ba madara ba sukari. Duk unguwa shayi ake sha. Shi yakan ce ruwan jarirai ne.

Ɗansa na Karachi ya riga ya aiko cewa gobe za a tsallaka da shi asibiti.

"Ghafur," ya ce da ni, "ka taɓa ganin asibitin nan? Tagarsu bango take kallo. Ɗauke ni ka kai ni saman soro."

Mahganj, 'yarsa, ta tare ƙofa, ta dube ni. "In ya mutu a can, kai ka kashe shi."

"In na mutu a ƙasa kuma fa, wa ya kashe ni?" in ji shi.

Ta kauce daga bakin ƙofar.

Na goya shi. Bai fi buhun busasshen kifi nauyi ba. Na jingine shi inda zai ga mashigar jiragen ruwa, can sai ga ta ta hau da gahawa a tsohon kofinsa na ƙarfe, ta dire lofen a cinyarsa, ta zauna gefensa.

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Kin sa sukari."

"Ɗan kaɗan."

"Munafuka. A jirginmu da kuku ya yi haka, da sai ya iske kansa a ruwa." Amma ya sake kurɓa.

Ya ƙyasta ashana uku, duk suka mutu. Na miƙa hannu, ya buge shi. "Na kunna wannan a tsakiyar guguwa, kai kana aske ƙeyar mutane." Ta huɗu ta kama. Ya ja, tari ya turnuƙe shi har ya yi hawaye, ya kuma ja.

Wani jirgin yaƙi mai ruwan toka na fita a hankali. Ya bi shi da ido.

"Ku gaya wa ɗana ba inda za ni," ya ce.

Ina cikin kaɗa kumfar sabulu na ji Mahganj ta yi salati. Kansa ya karkata a kafaɗarta.

Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta tashi ta ciro farin zane daga igiyar shanya, ta lulluɓe shi. Zanen bai gama bushewa ba, iskar teku na ta ɗaga gefensa.