An Ce Gyambon Ya Rufe

…kuma dai bango. Tun bayan karin kumallo fuskata na kallon bango, ga ƙugun da na kwanta a kai ya soma ƙuna. Ko ba ƙuna ba ce? Tun da ɓarin jikin nan ya shanye na daina bambance ciwo da tunani.

Takun takalmi. Nas ce.

"Sannu Baba. Mu juya ko?"

Na ce to — a raina. Harshen ya ƙi, gurnani kawai ya fito. Ta dai gane.

Hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Safar roba, sanyi ƙalau. Uwar yara, wallahi ba ƙorafi nake miki ba, yarinyar kirki ce. Tana ja zanin gado ya miƙe sumul, wai ko 'yar tattarewa ɗaya tana iya cin fatar tsoho. Filo tsakanin gwiwoyi. Wani ƙarƙashin ƙwauri, don kada diddige ya taɓa katifa. Komai daidai take yi. Amma hannun…

Naki hannun, matata, yana da kaushi, yana da ɗumi. Ki hau gadonmu — wanda na haɗa da kaina, lokacin da hannun nan ke riƙe zarto — ki durƙusa, ki cusa kafaɗa, kina nishi kina dariya: "Duk zamanmu ban taɓa juya ka ba, sai yanzu da Allah ya kawo ka hannuna."

Har ranar da bayanki ya ce ƙas. Ban gani ba, ji na yi. Daga nan juyin ya ragu… yaya za ki yi? Jan tabo a kwankwaso, tabo ya fashe, sai wari. Kina wankewa kina kau da kai. Kin ɗauka ban ji hawayenki na ɗiga a bayana ba?

Babban yaronmu ya ce a kawo ni gidan jinyar nan. "Na ɗan lokaci ne, Baba. Gyambon na rufewa za mu mai da kai gida." Kina tsaye bakin ƙofa, riƙe da hulata. Mantawa kika yi ba ki miƙo ba, ko da gangan?

Yanzu wai ba kya iya zaman mota. Sai dai yaron ya kira ki, ya kara mini waya a kunne. "Ka ci abinci?" In yi gurnani. "To madalla." Shi ke nan hirar, mu da muke raba dare a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba…

Taga. Alhamdu lillahi, an juyo ni taga. Reshen bishiya, igiyar shanya, zannuwan gado suna kaɗawa. Nas tana bayana, ta ɗaga bandeji. Me ta gani?

"Baba, albishirinka! Ya rufe fa. Fata sabuwa fil. Bari in kira ɗanka."

Ya rufe…

Abin da nake roƙo ke nan a kowace salla, ina kwance, da ido nake ruku'u. Gida. Ƙarar tsintsiyarki da safe. Mitarki a kan ba na shan ruwa. Ki zauna gefen gado ko ba ki ce komai ba —

Sai dai fatar nan sabuwa, ita nas ta sha faɗa mini, ta fi tsohuwar saurin fashewa. Duk awa biyu juyi, ba dare ba rana. Wa zai yi? Yaron yana wajen aiki. Ke… ai na san ki. Ko an hana ki, yana ba da baya za ki hau gadon nan ki durƙusa. Da wane bayan?

Tsaya, 'yata. Kada ki kira. A'a, kira… tsaya tukuna —

Ta juyo, waya a kunne.

"Na'am, Baba?"

Bakina na motsi, babu abin da ya fito. Ta sa gefen tawul ta share mini ido, tana murmushi. Ta ɗauka kukan murna ne.

Wayar tana ta ringin. Uwar yara, ni yanzu me zan roƙa?