Yarinyar Bakin Tafki

"Ƙara wa ciyawar nan kore," in ji Manaja.

Mai Launi ta ƙara. Zuwansa na bakwai ke nan a kan bidiyon minti biyu, kuma kowane zuwa da sabuwar fitinarsa. Ciyawar ta yi kore shar kamar an zuba mata fenti. Ko akuyar da ta kwana uku da yunwa, in ta gan ta, sai ta ja da baya.

Bidiyon na tallan wata unguwa ne da kamfanin su Manaja zai gina. Ko bulo ɗaya ba a aza ba tukuna. Tuddai, tafki, bishiyoyi da gidaje, duk a kwamfuta masu zanen da ke bene suka ƙera su, suka turo mata a dushe, kamar tsohon zane da ya sha wanki. Sa launi shi ne aikinta, shi ya sa kowa a ofishin ke kiran ta Mai Launi. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a ɗakin nan mai bango ruwan toka da labule mai kauri, don kada hasken waje ya yaudari ido. A gabanta akwai babban allo, a ƙarƙashin hannunta kuma wani faifai mai ƙwallaye uku: ta duhu, ta tsakiya, ta haske. Da 'yar murzawa kaɗan take mai da tsakar rana yamma.

Manaja bai san wannan ba, bai kuma nemi sani ba. Ya sa an mai da sama shuɗi kamar bokitin roba. Ya sa an rage inuwar bishiyoyi, wai inuwa tana sa wuri ya yi kama da maƙabarta. Oga, mai ofishin, yana tsaye a bayansa yana ta gyaɗa kai. Da Manaja zai ce a sa rana biyu a sama, Oga zai tambaya ne kawai ko a dama ko a hagu.

Yau dai Mai Launi ta sha alwashin haɗiye haushinta, saboda a kusurwar ɗakin, kan kujerar roba, 'yarta Auta tana zaune.

* * *

Ba haka kawai ta zo da ita ba. Mako uku da suka wuce tana kwashe kayan wanki, ta ji wani abu mai tauri a cikin safar yarinyar. Kwalbar man bilicin ce, an ci rabi. Yarinya 'yar shekara sha biyar! Da aka bi diddigi, Gwaggo ce ta ba ta, ƙanwar baban yarinyar, wadda nata kumatun suka ƙone jajir, gaɓoɓin yatsunta kuma baƙi ƙirin.

"Taimakonta nake yi," in ji Gwaggo a waya, ko kunya babu. "Ke kin riga kin samu miji, sai ki tare wa yarinya hanya?"

Mai Launi ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Da faɗan ya ƙare ta koma lallashi, ta ce wa Auta wallahi fatarta ta fi ta kowa kyau a gidan. Auta ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Mama, ke uwata ce. Dole ki ce haka."

Wannan maganar ce ta hana ta sakat. Ta gane cewa bakinta ba zai yi aiki ba, sai yarinyar ta ji daga bakin wasu.

A makon nan masu zane suka sa mutane a bidiyon, ciki har da wata yarinya da ke zaune a bakin tafki, ƙafafunta a cikin ruwa. Daƙiƙa shida kacal take fitowa. Mai Launi ta ɗauki hoton hannun Auta a bakin taga, ta ajiye shi a gefen allo, ta kwashe kwana biyu tana daidaitawa. Baƙar fata ba ta son gaggawa. Akwai ja kwance a ƙarƙashinta, akwai ɗan shuɗi inda sama ta sauka a kanta, akwai ruwan zinari a gefen da rana ta taɓa. Da ta gama, masu zanen suka sauko ɗaya bayan ɗaya suna kallo suna jinjina kai.

Da safen nan, kafin Manaja ya iso, ta kunna wa Auta. Yarinyar ta matso har numfashinta ya kusa taɓa allon.

"Mama, ni ce?"

"Hannunki ne dai. Sauran kuma kwamfuta ta yi iya ƙoƙarinta."

Auta ta rufe baki da tafin hannu tana murmushi. Rabon da uwar ta ga wannan murmushin har ta manta.

* * *

Aka gama da ciyawa, bidiyon ya gangaro tafki. Mai Launi ta gyara zama.

"Tsaya," in ji Manaja. "Wannan 'yar mai gadi ce?"

"'Yar masu gidan ce, Yallaɓai."

"A'a, Malama. Wanda zai sayi gida a nan ba haka yake son ganin 'yarsa ba. Ki ɗan wanke ta."

"Ba datti gare ta ba."

Oga ya yi tari. Ita kuwa ta juyo da kujerarta, ta dubi Manaja sama da ƙasa. Mutumin ya fi Auta duhu nesa ba kusa ba.

"Yallaɓai, ai kai ma launinka ke nan."

Ya ƙyalƙyale da dariya, abin ko a jikinsa. "Ni ai namiji ne, Malama."

"Fatar nan daidai take. Na auna ta. Ba zan taɓa ta ba."

"Haba, wannan ai ba wani abu ba ne," in ji Oga da sauri. Ya miƙo hannu ta saman kafaɗarta, ya cafki ƙwallon haske ya murza, irin murzar mai buɗe famfo.

Komai ya watse. Sama ta koɗe, tafkin ya koma farin faranti, bishiyoyi suka yi fatau, yarinyar kuma ta zama toka-toka kamar wadda aka turbuɗa a gari. Aikin mako biyar, mutumin da bai iya bambance ƙwallon dama da ta hagu ba ya dagula shi a daƙiƙa ɗaya. Takaici ya turnuƙe ta har idonta ya rufe.

"Ba haka ake yi ba!" Ta ture hannunsa. "In za a yi abu, a yi shi daidai!"

Yatsunta suka kama aiki da kansu. Ta mai da sama da ruwa yadda suke, ta ware fatar yarinyar ita kaɗai, ta ɗaga ƙwallon tsakiya, ta janye jan nan na ƙasa, ta zuba ɗan rawaya. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Yarinyar bakin tafki ta fito fara sol, sumul, babu tabo, kamar haka aka haife ta. Duk garin babu wanda zai yi shi da tsabta haka.

Sai da ta ɗage hannu ta tuna wadda ke zaune a bayanta.

"Yauwa!" Manaja ya tafa. "Yanzu ta zama 'yar gida." Ya waiga kusurwa cikin fara'a. "'Yan mata, ke ki faɗi gaskiya. Ba ta fi kyau ba?"

Auta ta kalli allon, ta kalli ƙasa. "Ta fi," ta ce.

Oga ya raka Manaja waje, suna maganar ko za a ƙara tsuntsaye. Ƙofa ta rufe. Bidiyon ya ci gaba da maimaita daƙiƙa shidan nan, farar yarinya tana ta wasa da ƙafa a ruwa.

"Auta, haushi ne ya ɗebe ni," in ji Mai Launi. "Na ajiye na farkon. Kin ga, danna nan kawai zan yi ta dawo yadda take."

Ta kai yatsa kan maɓallin. Auta ta taso ta dafa mata hannu. Ba kuka take yi ba, ba kuma fushi. Idonta na kan allon.

"Bar ta, Mama," ta ce a hankali. "Ita dai ta huta."