Ramin Ciyawar Ɗantani

Tun da Ɗantani ya zo duniya bai taɓa ganin an binne ciyawa ba, sai daminar da aka turo wani malamin gona ƙauyensu, Kausani. Malam Isyaku sunansa, saurayi mai keke da saurin baki. Ya sa aka haƙa rami a bayan gidan Ɗantani, aka cika shi da ɗanyar ciyawa, aka tattake, aka rufe da ƙasa. Ya ce a buɗe da bazara, dabba za ta ci ta ƙoshi. Ya hau kekensa ya yi garin Achika.

Sa ɗaya ke gare Ɗantani, shi yake haɗawa da na wansa su ja garma. Da ya ga abincin bazara ya samu, sai ya bar wa wan nasa harawar bana duka.

Amma ramin ya tsaya masa a rai. Abu biyu ya san ana sa wa ƙasa, mamaci da iri. Mamaci ba a tono shi, ashe ke nan ciyawar nan iri ce, iri kuwa ruwa yake so. Da damina ta ɗauke sai ya soke ramin da turke, ya shiga ɗura masa ruwan rijiya safe da yamma.

Matarsa Hansai ta ce, "Malam, shi malamin ne ya ce a ba ta ruwa?"

Ya ce, "Bai ce ba. Amma ai bai ce a hana ta ba."

Bazara ta yi, aka buɗe. Baƙin ruɓa ne, warinsa har makwabta. San ya shinshina ya ja da baya.

Malam Isyaku ya zo ya dafe kai. "Baba, ko iska ba a so ta shiga, balle ruwa."

"To ɗana, wata da watanni me take sha a ciki?"

Malamin ya yi ta bayani a kan tsami da zafi. Ɗantani na ta gyaɗa kai, ko ɗaya bai gane ba. Abin da ya gane, harawa ta ƙare a gari, haƙarƙarin sansa sun fito.

Ran Juma'a ya sa wa san igiya zuwa karar shanu ta Wudil don ya sayar, ransa a ɓace. A bakin ramin san ya toge. Inda ruwan guga ya riƙa zuba, 'yar ciyawa ta tsiro shar, ba ta fi tafin hannu ba. Ɗantani ya sassauta igiyar, ya tsaya har ya cinye.