Muryar Malam

Hashim ya sake buɗe foldar karo na uku, ko Allah zai sa idonsa ne ya yi ƙarya. Wayam. Karatun marigayi Malam na shekara ashirin, wanda 'yarsa Malama Sa'ida ta yi wata biyar tana kwashewa daga kaset zuwa kwamfuta, ya tafi. Kaset ɗin kuwa sun tsufa, rabinsu a wajen kwashewar suka tsinke.

Daga zaure muryar yayan Malama, Alhaji Hambali, take shigowa ɗakin karatun.

"Na ce a bar wa masu abin abinsu, ta ƙi ji! Yanzu ina za mu samo muryar Baba?"

Hashim ne mai gyaran kwamfutar unguwar Dala, kuma ba ya son a manta da hakan. Shi ya rubuta wa Malama ɗan shirin kwamfuta, irin wanda ake kira batch, don rage mata wahala. Sai ta buga umarni, shirin ya duba sunan da ta sa tsakanin alamun % biyu, ya musanya shi da ainihin inda foldar take, ya zartar. Kowace Alhamis takan buga umarnin goge %SHARA%, wato foldar kwafin da bai yi kyau ba, da ke cikin babbar foldar karatun.

Ya buɗe shirin, nan take ya ga kuskurensa. Shekaranjiya da ya mayar da komai kan sabuwar kwamfuta, sauri yake ya tafi ɗaurin aure a Ƙofar Dawanau, bai sanar da kwamfutar abin da SHARA yake nufi ba. Sunan ya koma fanko, umarnin ya tsaya kan babbar foldar, ya share ta tas. Ya gwada maidowa, guntaye kawai ya samu, ko tarin Malam babu a ciki.

Layi ɗaya ne kawai ya manta bai sa a shirin ba. Ya rubuta shi, ya adana. Kaf gidan babu mai iya karanta shirin nan, kuma wanda bai sani ba ai ba ya tuhuma. Kunya dai ta hana shi ɗaga kai.

Malama Sa'ida ta shigo, idanunta sun kumbura. Ta ajiye masa kofin kunun aya a gefen teburi.

"Malam Hashim, ka yi haƙuri, na ɓata maka aikinka. Wallahi yadda ka koya mini na buga, amma ka san hannun tsufa."

"Malama..."

"A'a, sha abinka. Yaya ya ce kada in ƙara shiga ɗakin nan, kuma da gaskiyarsa. Ni abin da ya fi ci mini rai, jikokin Baba ba za su taɓa jin yadda yake jan baƙi ba, kuma ni na jawo."

Ta juya za ta fita. Hashim ya dubi layin da ya ƙara, ya ɗora yatsa, ya goge shi harafi bayan harafi, har shirin ya koma yadda ya bar shi shekaranjiya.

"Malama, dakata."

Ya leƙa zaure.

"Alhaji, don Allah shigo ka zauna. Akwai abin da zan nuna maka, kuma a gabanta nake so ka gani."